Ƙasar Kushewar da Tamada Ta Raba Biyu

Kun tambayi mi ya sa muke kiran Siranu in muna sadakar gumba, alhali ba mu da mai wanga suna a zuriya. To ku matso. Aikin Tamada ne, yayar kakanku Sahabi.

Tamada a gungu anka haife ta, tsakiyar kogin Kwara, can ta tashi tana noman albasa da jigon ban ruwa. Mijinta bai yi tsawon kwana ba, ɗiyanta kuma ba wanda ya kai yaye. Duk nan bayan ɗaki anka rufe su, kusa da innarta. Kullum safe sai ta share wurin, ta yayyafa ruwa, ta ba su labarin gari, sannan ta wuce lambu.

Bayan 'yancin kai anka datse kogi a Kainji, anka ce ruwa za shi haɗiye gungu. Kowa ya kwashe ya koma gidajen siminti wajen Wara. Tamada tac ce ita ba ta barin mutanenta. Ruwa ya ci lambu, ya taɓa gindin rumbu, tana nan zaune.

Akwai wani tsohon makanike a Yelwa, farin mutum, Agop, mai gyaran injin niƙa da na jirgi, ya iya Hausa rangaɗau. Mutane sun ji a ƙasar Sarkin Santambul anka haife shi, sai suna girmama shi da "Na Santambul". In an faɗa, ya sadda kai. Duk an ɗauka kunya ce. Agop ɗin nan ne Sahabi ya roƙa, sunka tafi da jirgin inji su ɗauko ta.

Sun iske ta da tsintsiya a hannu.

"Na Santambul, sannu da hanya," in ji ta. "Ka sha ruwa ka koma. Shi ko wanga mai kunnen ƙashi, tun yana goye ba ya jin magana."

"Yaya, ruwa fa ba ya jin magana shi ma," in ji Sahabi.

Agop bai ce ta tashi ba. Yad durƙusa yat tambaye ta wa ke kwance nan, wa ke can. Ta faɗa mishi su ɗaya ɗaya.

"Taka innar fa, ina take kwance?" in ji Tamada.

"Ban sani ba, Inna. Mu Armeniyawa ne. Ina ƙarami sojan Santambul sunka fitar da mu daga garinmu, sunka ware maza, ba mu sake ganinsu ba. Mata da yara anka kora cikin hamada da ƙafa. Innata ta zauna bakin hanya ta ɗaure min tsumma a ƙafa, ba ta tashi ba."

Tamada ta aje tsintsiya. "Mu ko muna ta kiranka da sunansu."

"Ba ku sani ba. Masu mulkin can har gobe cewa suke ba kisan gangan ba ne, yaƙi ne da yunwa sunka ci kowa. Ke ko ruwa ya rufe nan, kina iya tsai da jirgi ki nuna da hannu, kuma ba mai ƙaryata ki."

"Mi sunanta?"

"Siranush."

Ta juya sunan a baki, iyakar abin da harshenta ya ɗauka shi ne Siranu. Ta daɗe tana duban kushewun nan. Can ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya biyu, ta ɗebi ƙasa daga kan kowace kushewa, ta gauraya, ta raba daidai. Ta miƙa mishi guda.

"Ungo. Innata ba ta taɓa korar baƙo ba. Taka ta zauna wurinta."

Sannan ta naɗe tabarmarta ta shiga jirgi da ƙafarta.

A sabon gari ta binne tata ƙasar gindin wata tsamiya. Ran sadaka ta farko tana raba gumba tana kiran sunaye, ta sa Siranu bayan innarta. Maƙwabcinmu Basiru, mai rediyo, yac ce, "Tamada, wagga magana manyan ƙasashe ma ba su gama gardama kanta ba. Matar kuma ba addininku guda ba."

"Manyan ƙasashe sun ga idon ɗanta? Ni na gani. Karɓi gumba, Basiru, hannuna ya gaji."

Ya karɓa, ya ci kuma.

Agop yakan zo duk shekara ya zauna gindin tsamiyar, har tsufa ya maida shi wurin ɗiyarsa a Berut. Tun daga ranar jirgin nan ba wanda ya ƙara ce mishi Na Santambul, don Tamada ta bi gida gida ta hana. Ɗan Siranu muke ce mishi.

Da ciwon ajali ya kama ta, ni ta kira ta sa na maimaita mata sunayen har ta ji ban tsallake ko ɗaya ba. Hansatu, ke ce babba, miƙo turmin nan, ki fara faɗinsu ina ji.