Farantin da Ya Mayar da Ni Jiƙo

Shekarun baya, a farkon shekarun tamanin, na yi aiki a wani kamfanin jima a Challawa. A ɓangaren jiƙo aka fara ajiye ni, inda ake tsoma ɗanyun fatu cikin ruwan magani har gashinsu ya saki. Wanda bai taɓa shiga wurin ba, duk bayanin da zan yi masa a banza ne. Ko sabulu nawa ka ƙarar, warin yana nan a jikinka. In na shiga kiya-kiya da yamma, mutane har matsa mini suke yi, in zauna a sake kamar ni na sayi motar.

Abin da ya riƙe ni a aikin nan shi ne lokacin cin abinci. Jiniya na kaɗawa sai mu taru a gindin wata darbejiya, na jiƙo da na sauran ɓangarori, kowa ya juye abin da ya zo da shi a babban tire. Kuma kowa da irin kiran da yake yi wa abinci. Mu Kanawa "lodi" muke cewa, sai ka ce cikinmu tirela ne. Abokina, wani mutumin Nijar da ya taɓa zama a Abijan, shi "buf" yake cewa, wai haka 'yan tasha ke faɗa da Faransanci. Ɗan Gana da ke cikinmu "cop" yake ƙwalawa, 'yan kudu su ce "wak". Har wani injiniya Ba'indiye, in ya zo wucewa sai ya shafa tumbi ya ce "khana", muka kwashe nasa ma muka haɗa.

Muna da doka. Duk wanda ya buɗe kwano sai ya jero su duka: "Bismillah! Lodi, buf, cop, wak, khana!" In ka tsallake na wani, shi zai fara ɗaukar nama, in akwai naman. Yawanci dai garau-garau ne da ɗan mai da yaji, amma ban taɓa tashi da yunwa ba.

Ana nan sai Allah ya ɗaga ni, aka mai da ni ɓangaren guga, inda ake gyara fatar da ta riga ta bushe. Aka ba ni sabuwar riga, har ana raɗe-raɗin ni za a naɗa heluma, wato shugaban leburori. Ba zan ɓoye muku ba, tafiyata ma sai da ta canja.

A daidai lokacin aka kawo sabon manaja, ɗan ƙasarmu ne kuwa, ba Bature ba. Ya sa aka sare darbejiyar, aka gina ɗakin cin abinci da tebura da cokula. Sannan ya kafa sharaɗi: 'yan jiƙo ba za su shiga ba, saboda wari. A miƙa musu ta taga, su je bayan katanga su ci, can kusa da kwatar da ruwan jima ke bi.

Ranar da aka buɗe ɗakin, na zauna da farantina a gabana. Shiru kake ji sai ƙarar cokali, kowa ya duƙufa a nasa kamar gidan makoki. Ina ɗaga kai sai na hango abokina a bakin taga yana karɓar nasa. Muka haɗa ido. Ya ɗan ɗaga farantin ya ce, "A ci lafiya, Malam."

Malam? Mutumin da tun da muka haɗu "kai ɗan Kano" yake ce mini, mutumin da ya koya mini yadda ake naɗe hannu da tsumma kada magani ya cinye mini fata. Kalmar nan ta ƙona ni har cikin raina.

Na miƙe. Wani dattijo da ke kusa da ni ya riƙo gefen rigata. "Zauna, yaro. Manaja na kallonka. Kada ka yi wa kanka sagegeduwa."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba zai wuce mini ba."

Manajan na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Ina zuwa da faranti?"

"Ranka ya daɗe, abinci zan je in ci."

"Nan ɗin me ake yi?"

"Nan ba wanda ya ce da wani bismillah."

Ya dube ni sama da ƙasa. "In ka fita da farantin nan, gobe ka nemo takalmin robarka. Jiƙo za ka koma."

Wallahi bakina ya riga ni. Na ce, "Yana nan, ranka ya daɗe, ban yar ba."

Na fita. Ina zagayawa bayan katanga na buɗe murya yadda na ciki za su ji: "Bismillah! Lodi, buf, cop, wak, khana!" Na so a ce duk ɗakin ya biyo ni, da labarin ya fi daɗi. Ɗan Gana da wani ɗan kudu ne kawai suka fito, sauran kowa ya riƙe cokalinsa. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Abokina ko godiya bai yi ba. Cewa ya yi, "Kai ɗan Kano, kanka ɗaya kuwa? Mu mun saba."

Na ce, "Matsa mini, ka cika surutu."

Washegari na koma jiƙo. Heluma wani aka ba, kuma har na bar kamfanin dokar tana nan ba a taɓa ta ba. Mutane sun sha tambayata wace riba na ci. Ban sani ba ko riba ce, amma na san ban iya haɗiye loma ina kallon wanda muka sha wuya tare yana ci a bakin kwata. Yau ma in aka maimaita, da farantina zan fita.

Wadda na fi jin nauyi ita ce mahaifiyata, domin har sadakar waina ta yi da aka ƙara mini girma. Da na dawo gida ranar da na koma jiƙo, warin ya riga ni sallama. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta ci abinci a gabana. Sai ta tashi ta ɗauko kwanon tuwonta ta ajiye a tsakaninmu.

Ta ce, "Wanke hannu. Yau tare za mu ci."