Na Ce wa Dattawa Biyu "To"

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, zazzaɓin ƙaro karatu ya kama kowa a ɗakin malamanmu. Ana ta cewa yanzu takarda za ta yi daraja. Ni a lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare a unguwar Television ta Kaduna, ina haya a Unguwar Sanusi, matata kuma da tsohon ciki. Na nemi digiri na biyu, jami'a ta ce in zaɓi ɗaya: ko adabi, ko koyar da harshe.

Adabi raina yake so, ban taɓa shakka ba. Na gaji da alli da jan biro, so nake in zauna da waƙoƙi a bar ni in sha iska. Amma mu ba ma yanke babbar magana sai an kai wa manya, kuma duk wanda ya kai wa babba magana ya san ba hira ya je yi ba, umarni ya je karɓa. Na san haka sarai, amma na kwashi ƙafa na je wurin mutum biyu.

Na fara da surukina, Alhaji mai sayar da yadi a Makera, wanda ya haddace rubutattun waƙoƙi tun yana saurayi, yake kuma rera su ko ba a tambaye shi ba. Ban rufe baki ba ya ce adabi. Na ce, "To, Baba," da zuciya ɗaya.

Sai Hedimasta. Tsoho ne ɗan kudancin Kaduna, Kirista, shi ya koya mini abacada a firamare, kuma da mahaifina ya rasu shi ya tsaya kai da fata kada a cire ni daga makaranta. Na same shi a gidansa a Gonin Gora yana zuba wa kaji dusa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, wannan ai ba ya buƙatar tunani. Yara suna gama firamare ba su iya karanta sunansu ba. Je ka koyo yadda ake koyarwa, ka dawo ka gyara malamai." Har idonsa ya kawo ruwa. Ta ina zan fara ce masa a'a? Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." A cikin mota na lallashi kaina cewa Gonin Gora da nisa, kafin labari ya kai masa na gama karatun. Na je na yi rajistar adabi.

Sai matata ta haihu, kuma babu yadda za a yi in yi suna ban gayyaci Hedimasta ba. Ya zo da sassafe cikin tsohuwar kwat ɗinsa, aka ajiye masa kujera dab da surukina. Aka shafa fatiha, aka raba goro, hira ta ɓarke. Ni kuwa ina ta kai da komo da faranti, ina roƙon Allah su tsaya a kan siyasa. Ina!

Hedimasta ya nuna ni, ya ce wa Alhaji, "Yaron namu zai koma jami'a ya karanta koyar da harshe. Ni na ba shi shawara."

Alhaji ya yi dariya. "A'a, Malam, adabi dai. A gabana ya amsa."

"Ni ma a gabana ya amsa."

Kowa ya juyo yana kallona da faranti a hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fito daga bakina kuma ya ƙara dagula lamarin: "Ai duk ɗaya ne, Baba."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Hedimasta, da muryarsa ta aji. "Ɗaga kai ka ba da amsa."

"Adabi ne."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya raya jaririya, ya ci gaba da cin goronsa. Alhaji shi ma kunyata ta kama shi.

Da zai tafi na raka shi bakin titi. Ina ta kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Adabi ba laifi ba ne," ya ce. "Da ka gaya mini shi kake so, da na yi faɗa, na huce, na sa maka albarka. Amma kowace Lahadi sai na miƙe a coci na ce a yi wa ɗana addu'a, zai je ya koyo gyaran makarantunmu. Yanzu me zan je in ce musu?"

Bas ta tsaya, kwandasta yana kiran Gonin Gora. Na miƙa hannu in taimaka masa, ya kama ƙofa ya hau da kansa.