Hajiya Sakinatu Mijinyawa da Ƙuri'un Masu Lalle

Haihuwa da karatu

An haifi Sakinatu a Gwarzo a shekarar 1954, 'ya ga Malam Mijinyawa maɗinki da mai ɗakinsa Shetu. Ta kammala kwalejin horon malamai mata ta Kano a 1974, aka tura ta koyarwa wani ƙauye kusa da garinsu.

Zaɓen 1979

Ranar 11 ga Agusta 1979 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko, aka sa ta cikin ma'aikatan rumfar ƙauyen. Matan ƙauyen sun ɗauki ranar tamkar ta biki, suka sha lalle. Shugaban rumfar, baƙo ne daga nesa, ya ga yatsu sun rine, ya ce tawadar zaɓe ce, sun riga sun jefa ƙuri'a, a kore su. Wakilin wata jam'iyya, wanda ya san lalle sarai amma yake tsoron ƙuri'arsu, ya goyi bayansa, ya kuma tuna wa Sakinatu cewa aikin koyarwa ba gadon gidansu ba ne.

Sakinatu ta miƙa wa shugaban rumfar hannunta ta ce, "Ranka ya daɗe, ga nawa lallen. Yaushe na yi zaɓe, tun safe ina gabanka?"

Shugaban rumfar ya janye maganarsa, mata ɗari da goma sha ɗaya suka jefa ƙuri'a. Jihar Kano ta bai wa jam'iyyar PRP fiye da kashi uku cikin huɗu, kuma a kan ƙuri'un jihar aka yi shari'a har Kotun Ƙoli. Malaman tarihi sun cika littattafai da sunayen lauyoyi. Ita kuwa kafin shekara ta ƙare an sallame ta daga aikin koyarwa.

Aure da zaman London

Ta auri Malam Zailani a 1981, suka koma London a 1982, suka zauna a gidan haya na ƙaramar hukuma a unguwar Edmonton. Ta yi tafinta a wani asibiti a Camberwell shekara ashirin da bakwai, kuma duk zaɓe sai ta yi aikin rumfa a unguwarsu, inda ba a taɓa duba yatsan kowa ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 6 ga Maris 2023, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta gabashin London. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Nuruddeen, Basma da Awal. Ita kanta ba ta jefa ƙuri'a ba a 1979, domin an rufe akwati tana tantance sunayen wasu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta dokar Nijeriya ba ta yarda mazauna waje su yi zaɓe ba. Allah ya jiƙanta.