Bijimin Gaba

A gidan hayarmu na unguwar Adjamé ɗakuna tara ne, famfo ɗaya. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Babanmu, takan jawo murhun gawayi ƙofar ɗakinta tana gasa masara, mu kewaye ta, har da yaran maƙwabta da ko gaisuwar Hausa ba su iya ba. Masarar ke kawo su.

Shekarar da aka fara tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali, Kaka ta matsa mu koma Kano. Baba, mahauci a kasuwar Treichville, ya ƙi. Ya ce rikicin manya ne, da an samu shugaba nagari komai zai lafa. Ba ta yi masa musu ba, don ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta juyo gare mu da tatsuniya, da muryar da za ta kai tabarmarsa.

Wai garken shanu ne ƙishirwa ta kama a hanyar kudu. Bijimin gaba, don kada a ƙwace masa gaban, ya ce ya jiyo ƙanshin ruwa. Garke ya zabura. Da ya hango rami ya turje, amma na baya suka ingiza shi, duka suka rufta.

Na tambaye ta laifin wa ne.

"Shi ya yi ƙaryar," in ji ta. "Amma ƙishirwar ba shi ya kawo ta ba."

Baba ya yi dariya, ya ce Inna ta zama 'yar siyasa.

Ta rasu kafin yaƙin basasa ya ɓarke. Mu muka zauna, muna jiran zaɓe bayan zaɓe. A rikicin 2011 matasa suka tsare Baba a shingen unguwa, yana hanyar kasuwa da sassafe, suka ce ya kawo papiye, wato katin shaida. Sunan da ke kan katin ya ishe su. Bai dawo ba.

Na daɗe ina tsine wa manyan da ke magana a rediyo, har yau ban daina ba. Amma babu ko ɗayansu a shingen nan. Wanda ya ga abin ya ce matasan su bakwai ne, kuma wanda ya riƙe katin ya kira Baba da sunan da 'yan gidan hayarmu kaɗai ke kiransa da shi.