Malam Gwada a Shagon Tayil

Yayana malamin kimiyya ne, ko in ce ya taɓa zama. Ɗalibai suna ce masa Malam Gwada, don ba ya amsa tambaya kai tsaye. Ka tambaye shi me ya sa ƙusa ke nutsewa amma jirgin ruwa ba ya nutsewa, sai ya miƙo maka ƙusa da kwano ya ce, "Je ka gwada." Na taɓa ganinsa a filin makaranta yana wulwula bokiti cike da ruwa a saman kansa, yara na ihu, ko ɗigo bai zuba ba. A gida magana ma wuya take masa, amma da ya riƙe alli sai ka rantse wani ne daban.

Iyali suka ƙaru, albashi ya tsaya cik. Ya ajiye alli ya dawo shagon tayil na mijina, inda nake zama a kan kanta. Wannan ba abin kunya ba ne, na faɗa masa har bakina ya gaji. Matsalar ita ce ranar sallama ya kasa gaya wa yaran gaskiya, ya ce musu ƙaro karatu zai tafi. Ƙaro karatun ke nan: ɗaga kwali da jayayya da magina kan launin tayil ɗin banɗaki.

Wata rana da hantsi wata budurwa ta doso shagon. Yaya na hango ta ta gilashi ya yi wuf ya shige bayan kwalaye, yana yi mini alama da hannu wai ba ya nan. Ƙato da shi, har da furfura!

Ta gaishe ni ta ce, "Anti, an ce a nan zan ji labarin Malam Gwada. Ni ɗalibarsa ce."

Ta ce ta sami gurbi a kwalejin horar da malamai, kimiyya za ta karanta, saboda shi. Mahaifinta ya ƙi, kuma a makon nan za a rufe rajista. Da ta matsa, ya ce ta kawo masa malamin da ya cusa mata wannan ra'ayi ya ji ta bakinsa.

Ni ƙarya ba ta zama a bakina. Na ce, "Yaya, fito."

Ya fito da garin siminti a riga. Yarinyar ta dube shi, ta dubi kwalayen, sannan ta rusuna ta ce, "Malam, ina kwana?" Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Na bi su wurin mahaifinta, don na san in na ƙyale shi zai zille a hanya. Uban nata tela ne, muka same shi yana taka keken ɗinki, bai ko ɗago sosai ba.

"Kai ne malamin? Yanzu a ina kake koyarwa?"

"Na bari, ranka ya daɗe. Tayil nake sayarwa."

"To, Malam, aikin da kai ka gudu ka bari, shi kake so in tura 'yata?"

Na dubi Yaya. Mutumin da ke riƙe aji guda da murya, ga shi yana murza gefen rigarsa. Ni kaina na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, har na fara jin haushin kaina da na fito da shi.

Yarinyar ce ta yi magana, a hankali. "Baba, tun da ya tafi ba a kawo wani ba. Ɗakin gwaji a kulle yake. Ni nake tara 'yan ajin ƙasa a baranda ina nuna musu abin da ya nuna mana. Muna ce musu su yi haƙuri, in ya gama karatu zai dawo."

Keken ya tsaya. Tela ya cire tabarau ya daɗe yana kallon 'yarsa, kamar yau ya fara ganinta.

"Je ki yi rajistar," in ji shi. "Amma ki ji ni da kyau. Duk ranar da kika gaji, ki gaya wa 'ya'yan mutane kin gaji. Kada ki bar su suna kallon ƙofa."

Bai dubi Yaya ba, ya ci gaba da ɗinkinsa.

A waje yarinyar ta yi ta godiya, murna kamar ta tashi sama, wai zuwan Malam ne ya sa aka yarda. Yaya dai kansa na ƙasa. Har mun juya sai ta biyo mu da sauri.

"Malam, gobe zan ga yaran. Kullum sai sun tambaya yaushe za ka dawo. Me zan ce musu?"