Agogon da Na Ɗaura a Idon Sawu

Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a kan keken ɗinki a bakin kasuwar Matameye, kuma in ka cire masallaci, ƙafata ba ta san hanyar ko'ina ba. Gida ma kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ke kai ni. Shekarar da ɗana mai aiki a Kano ya biya mini kujerar Makka, sai 'yata ta fari, wadda ke aikin jinya a Damagaram, ta kafe cewa ba inda za ni sai an auna ni tukuna.

Likitan ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya hura, ya dubi abin, ya dube ni. Ya ce tansiyo ya hau, wato hawan jini, ga ƙiba, ga gwiwa ta yi tsami. Ya sa ni in hau matakalar asibitin in sauko. Ban kai rabi ba na dafa bango ina haki.

"Malam," in ji shi, "ɗawafi zagaye bakwai ne, Safa da Marwa ma bakwai, ga tafiyar jifa. In ba ka fara taka ƙasa kullum ba, sai dai a tura ka a keke."

A keke! Wallahi maganar ta soke ni. Ba na raina wanda lalura ta zaunar, Allah Ya ba shi lafiya. Amma ni ƙafafuna biyu garau suke, zama ne kawai ya cinye su. Tun ina saurayi nake mafarkin ranar da zan zagaya Ɗakin Allah da tafin ƙafata, yanzu a ce wani zai turo ni kamar buhun gero? Na ce wa likita ya bar maganar nan, zan yi tafiya.

A watan ne kuma tsohon agogona ya mutu, don haka daga asibiti 'yar tawa ta biya da ni shagon agoguna. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu a kan gilashi. Ɗaya irin wanda na saba ne, farar fuska, lambobi manya, hannuwa uku suna zagayensu ba ruwansu da kowa. Ɗayan baƙi wuluk kamar wanda ya mutu, sai ka ɗaga hannu ya buɗe ido. Aka ce yana jin bugun zuciya, yana nuna wanda ke kiranka, amma yana son caji duk bayan kwana biyu.

Na miƙa hannu ga mai farar fuskar. Ta ce, "Baba, dakata. Wannan baƙin yana ƙirga takunka. Shi zai gaya wa wayarka, wayarka ta gaya wa tawa."

Na ce, "Wato ɗan tsegumi za ki ɗaura mini a hannu."

Ta yi dariya ta ce ko ma mene ne sunansa, shi take so in ɗauka. Gaskiya ba don lafiyata na yarda ba. Hango kaina na yi a layin teloli ina ɗaga hannu abu yana haske, kowa na leƙe.

Satin farko na yi tafiyar tsakanina da Allah, na kuwa sha wuya. Zafi ya fara shigowa, ga azumi ya ƙarato, ga ɗinki ya taru. Wata hantsi ina tsakiyar ɗinkin wata babbar riga, sai idona ya sauka a kan ƙafata tana taka keke, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Na ce a raina, to wannan kuma mene ne in ba taku ba? Ai ni na fi kowa tafiya a garin nan, wurin ne kawai ba na bari. Na kwance agogon, na ɗaura shi a idon sawu, na saki ƙafar wando ta rufe shi. Kafin azahar ya ƙirga mini abin da ban taɓa yi a yini guda ba.

Kada ku ce ban san ƙarya nake ba. Na sani, amma rabin zuciyata ya yarda da ita, kuma da wannan rabin nake amsa waya. 'Yata ta riƙa kira tana sa mini albarkar da ni ya kamata in sa mata. "Baba, ka burge ni! Haka za ka ci gaba." Ni kuwa in gyara murya in ce ai abin sabo ne. Maiɗakina ce kaɗai ba ta sayi zancen ba. Ran nan ta ɗaga takalmina ta juya shi, ta ce, "Malam, wannan hanya da kake bi, shimfiɗa aka yi mata? Ko ƙura babu." Na ce ta ajiye mini takalmi ta kula da tukunyarta.

Goman ƙarshe na azumi ne suka tona ni. Duk wanda ya san tela ya san kwanakin nan, kowa na son kayan sallarsa, ƙafa ba ta sauka daga keke. Ni kuma na manta cewa abin da ke ɗaure a ƙafata yana ta ƙirgawa. Ashe yana can yana aika wa Damagaram labarin cewa tsoho mai azumi, cikin wannan zafi, yana tafiyar da ta isa ta kai shi Ɗan Barto, can bakin iyaka, ya dawo, kullum.

Saura kwana uku salla, da hantsi, na ɗaga kai sai ga 'yar tawa tsaye a ƙofar shago da jakarta, daga tasha take. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Sannan ta dubi hannuna.

"Baba, ina agogon?"

Na ce yana gida, a caji.

Ta ciro wayarta ta danna lambata. Wayata ta ɗauki ƙara a aljihu, sai kuma ga wani kuka daga ƙarƙashin keke, ƙafar wandona na haske tana rawa. Maƙwabcina tela, da masu jiran kaya mutum huɗu, duk suka sunkuya suna leƙe. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, ƙafar Malam ake kira!" Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ni 'yar tela ce. Na san a goman ƙarshe ko buɗa-baki a kan keke kake yi. Tsoro na ji, na ce ko dai agogon ya lalace, ko kuma za ka faɗi a hanya ba kowa kusa." Idonta ya cika da hawaye. "Zan cika takardar neman keke. Gara a tura ka ka dawo mana da rai."

Na kwance agogon na miƙa mata, ta sa a jaka ta tafi. Dariyar mutane ba ta dame ni ba, na saba da bakin teloli. Hawayen nan ne ya hana ni sakat, kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ranar kasuwar farko bayan salla na je wurin mai tebur na sayi agogo mai farar fuska, irin wanda na so tun farko. Washegari daga sallar asuba ban koma gida ba, na kama hanyar garin Tsauni. Minti goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa. Wannan agogon bai san taku ba, bai san waya ba, ba wanda zai kai wa rahoto. Ko a wuya na rataya shi, rabin awa rabin awa ce, kuma ni kaɗai na san ko a hanya na yi ta ko a zaune.

Kai, na ji jiki! Ƙafa ta yi bororo, cinya ta ɗaure. Masu amalanke suna wuce ni suna cewa, "Malam tela, lafiya? Ko wani ya gudu da kayan mutane ne kake bi?" In ce su wuce su ba ni wuri. Maiɗakina kuwa ta daina tsiya, kullum tana jirana da ruwan ɗumi da man kaɗe, sai dai takan ɗaga takalmin ta duba ta ce, "Yawwa, yau an taka ƙasa." Duk sati ina ƙara minti biyar. Da farko iyakata bakin gari, sannan lambunan rake, sannan wani babban gawo da ke can gaba, wanda a da ko a kan kabu-kabu ban taɓa lura da shi ba.

Saura kwana goma tashinmu 'yar tawa ta zo da takardar neman keken, wai in sa hannu. Na ce zan sa, amma gobe, bayan ta raka ni wani wuri. Da asuba na ce ta kawo ɗan tsegumin nata. Ta ɗaura mini shi a hannun dama da kanta, nawa yana hagu, muka kama hanya.

Har lambunan rake tana ba ni labari. Daga nan labari ya ragu. Kafin mu kai gawon nan ta fara jan ƙafa, muna isa ta zube a gindinsa tana fifita da mayafi. Ni kuwa ina tsaye a kanta, hannu a ƙugu.

Na ce, "Malamar asibiti, ko in kira miki kabu-kabu?"

Ta kamo hannuna na dama, ta daɗe tana duban abin da agogonta ya rubuta, takun da bugun zuciyar. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ciro takardar ta yaga ta biyu, ta sake yagawa. Na ce ta kwance kayanta ta riƙe, ita ce mai bukatarsa yanzu.

Na yi ɗawafina da ƙafata, Alhamdu lillahi. Na yi Safa da Marwa, na je jifa na dawo, har wani tsoho ɗan Kance ya riƙe kafaɗata muka ƙarasa tare. Da na gama zagaye na bakwai na tsaya na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Ranar da muka sauka a tashar Matameye, jama'a sun cika wurin, kowa na kallon fuskata da rawanina. Maiɗakina kaɗai ce ta fara duban ƙasa. Ta ga dugadugaina sun yi kaushi sun tsattsage, takalmin ya cinye ta gefe guda. Sannan ta ɗago ta ce, "Sannu da hanya, Alhaji."