Bokitin Kukar da Bai Je Abijan Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da na sa Baba Ɗanjuma ya buɗe saƙon da aka ba shi ba. Lokacin ban daɗe da kama aiki ba a wani kamfani da ke ɗaukar ma'aikatan jirgin ruwa a Apapa. Aikina shi ne duba takardu da kayan kowa kafin ya shiga tashar jiragen ruwa. Dokar kamfani ta hana mutum hawa jirgi da ƙunshin da bai ɗaure da hannunsa ba.

Baba Ɗanjuma kukun jirgi ne, sa'an mahaifina, kuma unguwarmu ɗaya a Agege. A cikin jakarsa na tarar da bokitin roba, an naɗe murfinsa da salatif.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

"Kuka ce da daddawa. Wani bawan Allah da muke sahu ɗaya a masallaci ya roƙe ni in kai wa ƙaninsa a Abijan."

"Kun ga cikinsa?"

"Kai, ɗan boko! A jami'ar aka koya maka leƙa saƙon mutane? Tun kana goye nake kai wa jama'a kilishi har Dakar."

Yana da hujja, domin a wurinmu ƙin karɓar saƙo rowa ce, buɗe shi kuma cin amana. Na bayyana masa cewa in aka sami wani haramtaccen abu cikin kaya a ƙasar waje, mai riƙe da jaka ake ɗaurewa, a tsare jirgin, shi kuwa ya yi sallama da teku. Na ba da shawara a kira mai kayan ya zo ya buɗe da kansa. Mutumin ya ce yana Oshodi, ga shi nan tafe. Da aka sake kira, wayar a kashe.

A gaban ogammu Baba ya yanke salatif ɗin. Akwai kuka a sama, kuma don adalci, mai kyau ce. A ƙarƙashinta ledojin ƙwayoyi ne a jere. Ba zan ambaci irinsu ba, tunda ban ga sakamakon gwaji ba.

Baba ya zauna, ya cire hula. Can ya ce, "Daddawar ma babu, ɗan boko. Har a nan ƙarya ya yi mini."

Da yake shi da kansa ya kai rahoto, jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun ɗauke shi a matsayin shaida. Tafiyar nan kawai ya rasa.

Abin da na koya, ku da kuka shigo wannan aiki bayanmu, shi ne masu wannan fatauci ba ɓarawo suke nema a cikin ma'aikatan jirgi ba. Mai kunya suke nema, wanda bakinsa ke nauyin cewa a'a.